Kunne Bai Ji Ba

A layin masu gyaran mota, can ƙarshe inda kwalta ta ƙare aka shiga jar ƙasa, akwai wata rumfar kwano mai ramin shiga ƙarƙashin mota guda ɗaya. Mai rumfar ba a kiransa da sunansa na gaskiya. Ko takardar asibiti aka zo cikawa, sai matarsa ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Kunne ake ce masa, yaro da babba, shi ma da shi yake amsawa.

Aikinsa gyaran salansa ne, hanyar hayaƙi daga bakin injin har wutsiyar mota. Ba ya taɓa birki, ba ya taɓa waya. In aka kawo masa mota mai wata cuta daban, sai ya nuna da haɓa rumfar da za a kai ta. Shekara arba'in da wani abu ya yi yana kwance ƙarƙashin motocin mutane, tsatsa na zubo masa a ido.

Tun yana saurayi sunan ya same shi. Wata rana ubangidansa da wasu manyan makanikai biyu sun yini a kan wata mota suna neman inda hayaƙi ke tserewa, sun kwance sun ɗaura har sau biyu, a banza. Da gari ya waye aka sake tayar da ita, shi yana gefe yana wanke sufana, bai ko ɗago ba ya ce, “Baki na uku ne, ta ƙasa.” Aka duba, na ukun ne, ta ƙasa. Ubangidan bai yaba masa ba. Ya dai kama kunnensa ya murɗa, ya ce, “Wannan kam ba irin na mutane ba ne.” Shi ke nan, suna ya bi shi.

Abin da ya fi sani a duniya shi ne gaskit, siririn faifan nan da ake matsewa tsakanin jikin injin da bakin bututun hayaƙi. Bai fi kaurin murfin gwangwani ba. Amma in ya ƙone ko ya tsage, hayaƙi ba ya bin hanyarsa ya fita ta baya. Nan gaba yake tsayawa, ya lalubi duk wata kafa ya shiga wurin mutane. Kunne yakan gaya wa direbobi cewa baƙin hayaƙin da suke gani ba shi ne abin tsoro ba. Akwai wani a cikinsa da ba shi da launi, ba shi da wari, shi ne ke sa mutum hamma a kan sitiyari.

Yana da ƙa'ida guda: ba ya sauraron mota da zafinta. Duk saurin mutum, sai ya ce, “Bar ta ta kwana.” Dalilinsa, ƙarfe in ya huce yana tsukewa, kafar ta buɗe, a ji wani siririn tsat-tsat-tsat na minti ɗaya ko biyu. Da injin ya ɗau zafi ƙarfe ya kumbura, sai kafar ta rufe bakinta kamar ba ita ba. A wannan ɗan mintin yake aikinsa. Ya tsaya gefen mota, hannu biyu a baya, ya karkatar da kai, ya rufe ido. In ya gama gyara haka zai sake tsayawa, in ya gamsu ya ce, “Ta yi shiru.” Ba ya ƙara komai. Direbobi har a wurin sayar da mota suna kafa hujja da wannan magana: Kunne ya ce ta yi shiru.

Makanikan da ke shafa ruwan sabulu a jikin bututu don su ga inda kumfa za ta taso, masu wanki yake ce musu. Ya yi shekaru yana musu dariya, kowa a layin ya sani.

Yana da shekara goma sha tara mahaifinsu ya rasu, ya bar masa uwa da ƙanne, na ƙarshensu yana rarrafe. Matan suka yi aure suka watse, uwar ta bi mijinta bayan 'yan shekaru, ya rage daga shi sai Auta. Shi ya yi masa uba. Ya so ya koya masa sana'a, amma Auta ba shi da haƙurin tsatsa. In an ba shi noti mai taurin kai sai ya karya shi. Hannunsa sitiyari yake so. Kunne ya haƙura, ya nemo wata mota da tun a lokacin ta ga jiya, ya yi wata huɗu yana tayar da ita da hannunsa, ya miƙa masa makulli. Da kuɗinta Auta ya yi aure, da ita yake ɗaukar kaya da mutane tsakanin kasuwa da ƙauyuka. Tsohuwa suke ce mata. Sau goma sha ɗaya Kunne ya canza mata gaskit, ya san kowane noti nata kamar haƙoran bakinsa. Takwas ne, kuma na takwas ɗin can baya yake, jikin bangon da ya raba injin da ƙafafun direba, inda hannu ba ya kai sai mutum ya kwanta ruf da ciki a kan injin.

Abin bai zo masa rana ɗaya ba. Tsuntsayen da ke bisa kwanon rumfar ne suka fara yin shiru, ya ɗauka tashi suka yi. Sai ƙarar cokali a kofin shayi. Sai wayarsa, wadda yanzu sai ya ga haskenta yake sanin ana kira. A madadinsu wani kukan gyare ya zo ya zauna masa a cikin kai, ba dare ba rana. Manyan sautuka suna nan, guduma, hon, rurin injin. Sirara ne suka tafi, kuma da sirara yake cin abinci.

Matarsa ce kaɗai ta lura. Ta daina yi masa magana daga bayansa, sai ta zagayo ta tsaya a gabansa. Wata safiya tana miƙa masa shayi ta ce, “Malam, jiya sau uku na kira ka daga ƙofar kicin.”

“Tunani nake yi.”

“To. Tunanin nan ya yi yawa kwanan nan. Na ji an ce akwai likitan tunani a babban asibiti, ranar Talata yake zama.”

Ya hura shayin, ya kurɓa. Ya hango kansa zaune a bencin likitan kunne, wani direba ya zo wucewa ya gaishe shi. Ita kuwa ba ta sake ɗauko maganar ba sai jefi-jefi, a kaikaice.

A layin ba wuya mutum ya ɓoye irin wannan, don kowa da ihu yake magana. Ya koyi kallon baki. Abin da ya kuɓuce masa sai ya rufe da “Haka ne” ko “Madalla.” Sau ɗaya ya kusa tonuwa. Mai Walda, maƙwabcinsa na rumfa shekara ashirin, ya zo da safe ransa a ɓace, yana magana yana kallon ƙasa.

“Madalla,” in ji Kunne.

“Madalla? Na ce maka ɓarayi sun ɗauke min janareta, ka ce madalla?”

“Ai mun huta da ƙararta.”

“Kai dai tsufa bai ƙara maka komai ba sai baƙar magana,” Mai Walda ya ce, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya wuce.

Shekara biyu aka yi haka, aikin bai lalace ba. Yawancin kafa tana barin baƙin toka a gefenta, ido na gani. Inda bai gani ba, sai ya canza gaskit ɗin gaba ɗaya. Hannunsa kuma bai manta komai ba. Sai dai in an gama, an tayar da mota, har yanzu yakan tsaya, hannu a baya, kai a karkace, ido a rufe. Ya ƙirga sittin a zuciyarsa, ya buɗe ido ya ce ta yi shiru. Kuma da yake aikin mai kyau ne, shirun take yi.

Cikin damina Auta ya shigo da Tsohuwa da yamma, ya faka bakin rami, ya fito yana murza goshi.

“Yaya, budurwarka ta fara halinta.”

“Me ka yi mata?”

“Ni me zan yi mata? Ita ke yi min. Kwana biyar ke nan kaina kamar ana sara. Hamma kuwa, sai ka ce ban kwana a gida ba. Jiya wata mata ta yi min amai a kujerar baya, ta ce tuƙina ne.”

“Gilashi a rufe kake tafiya?”

“A ruwan nan? In buɗe fasinja su cinye ni?”

“Bar ta ta kwana.”

“Na sani, na sani. Amma jibi da asuba ina da lodin tumatir, Yaya. Tumatir ba ya jiran kowa.”

Kafin ya rufe rumfa Kunne ya ɗiga wa notunan man birki, don su sha su yi laushi. Da safe ya kwanta a kan injin. Bakwai suka fito da ɗan kuka, kamar kullum. Na takwas ya juyo cikin sauƙi, sauƙin da bai yi masa daɗi ba. Da ya fito da shi ya kai shi haske, ya ga garin ƙarfe a ciki. Haƙoran ƙusar da notin ke hawa sun cinye. Ya kankare tsohon gaskit da reza, ya goge fuskar ƙarfen, ya ɗora mata ƙarfen awo miƙaƙƙe. Ta can ƙarshe haske na ratsawa ƙarƙashinsa. Zafin shekaru ya ɗan lanƙwasa ta.

Ya san maganin abin. A cire bakin bututun gaba ɗaya a kai a goge shi a inji, a huda ƙusar a sa sabuwa. Aikin kwana uku ne. Ya kuma san cewa sau da yawa ba sai an kai ga haka ba, sabon gaskit mai kauri yakan cike gurbin, notuna bakwai su riƙe na takwas. Wani lokaci ya riƙe, wani lokaci bai riƙe ba. A da ba ya zaman zato a kan wannan. Ya ɗaura, a tayar, kunne ya raba gardama.

Ya ɗaura. Ya fara daga tsakiya yana fita gefe, wannan ɓari sannan wancan, kaɗan-kaɗan, zagaye uku. Na takwas ya ƙara masa washa biyu. Ya ɗan kama, sannan sufanar ta tafi kamar ana murɗa cokali a kunu mai sanyi. Ya tsaya a nan, bai ƙara ba.

Wajen hantsi Auta ya iso, Mai Walda ma ya leƙo da kofinsa a hannu. Injin bai motsa ba tun jiya, sanyi ƙalau.

“Tayar,” in ji Kunne.

Tsohuwa ta yi tari biyu ta kama. Ya tsaya yadda ya saba, ya rufe ido. Ruri yake ji can ƙasa-ƙasa, kamar daga bayan katanga, da gyarensa a sama. Ya matsa taku ɗaya, ya ƙara karkatar da kai. Bai kai sittin ba ya buɗe ido, sai ya ga su biyun suna kallon juna. Auta ya fito daga motar, ya zagayo.

“Yaya, ba ka ji wani ɗan tsat-tsat ba? Ta can baya?”

Ya ga maganar a bakinsa sarai. Bokitin da mai wankin mota na gaba ya bari yana nan, taku biyar daga inda yake tsaye, kumfa har baki. Ya kalli bokitin, ya kalli Mai Walda, wanda ya sha jin yana kiran mutane masu wanki.

“Ni dai ban ji komai ba,” ya ce.

Bai yi ƙarya ba. Daga baya ya sha juya wannan magana a ransa, bai sami ƙarya a cikinta ba ko ɗaya.

Mai Walda ya kwashe da dariya, ya dafa kafaɗar Auta. “To ka ji. In Kunne bai ji ba ai babu. Ni da kai ne kunnuwanmu suka mutu, ni guduma, kai hon. Ƙila fanka ce ke taɓa wani abu.”

Auta ya sunkuya ya sake saurarawa. Kafin nan injin ya fara ɗaukar zafi. “Ai kuwa ya ɗauke,” ya ce, ya sosa ƙeya. “Yi haƙuri, Yaya, ciwon kan nan ne ke sa ni jiye-jiye.”

Suka tsaya suna jiransa, don ba a rufe boneti sai ya faɗa.

“Ta yi shiru,” in ji Kunne.

Ranar bai ci abincin rana ba. Washegari, bayan Auta ya tafi da lodinsa, ya ce wa matarsa, “Kira min yaron nan. Ki ce ya kawo motar ta sake kwana.”

“In ya ce me ya same ta fa?”

“Ki ce noti zan ƙara ɗaurewa.”

Ta kira, ta tsaya a gabansa tana magana. Ya ga tana dariya, tana cewa, “Kai dai ba ka da kunya. To Allah ya kai mu.” Ta kashe. “Ya ce sai Asabar, yana da lodi kullum har Juma'a. Ya ce in gaya maka ka rage kishi, budurwar tana hannu mai kyau.”

 Ta daɗe tana kallonsa da wayar a hannu.

“Malam, in sake kira in ce ya riƙa barin gilashi a buɗe?”

In ta faɗi haka, Auta zai tambayi dalili. Motar da ta yi shiru ba ta buƙatar a buɗe mata gilashi. Ya lissafa kwanakin. Talata ce, saura huɗu. Kuma ai da zafi kafar rufewa take yi, shi ya koya wa kowa haka.

“Bari dai Asabar ɗin,” ya ce.

Kafar da noti bai riƙe ba, wuta takan ci gefenta kullum kaɗan, har ta kai girman da zafi ba ya rufe ta. Wannan ma ya sani.

Ranar Alhamis bayan azahar aka yi ruwa irin wanda ba a ganin gaba. Auta ya sauke kaya, yana dawowa shi kaɗai. Abin share gilashinsa ya gaza, sai ya gangara gefen hanya ya tsaya ya jira ruwan ya tsagaita. Ya ɗaga gilasai. Bai kashe injin ba, don batirin Tsohuwa ba abin yarda ba ne, kuma babu mai tura shi a wurin. Robar da ke toshe inda sandar sitiyari ta ratsa bango ta daɗe da ruɓewa. Wani direban babbar mota da ya san shi ne ya wuce, ya dawo bayan awa biyu ya tarar da motar a inda take, tana aiki, mai ita ya kifa kai a sitiyari. Ya fasa gilashi da jak.

Bai mutu ba. Kwana tara ya yi a asibiti, uku daga ciki bai san inda yake ba. Kunne yana tsaye a gindin gado ranar da likitar ta yi musu bayani, wata yarinya mai tabarau, da takardu a ƙirji. Ta ce hayaƙin mota ne ya shaƙa, ya daɗe yana shaƙa, ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ta tambaya ko motar na da matsalar salansa.

Matar Auta ta share ido da bakin mayafi. “Likita, ai ga yayansa nan, shi ya duba ta da hannunsa, ko mako ba a yi ba. Duk garin nan babu wanda ya kai shi. In da akwai wani abu da ya ji. Abin da Allah ya rubuta ne kawai.”

Likitar ta juyo ta dube shi, ta faɗi wata magana gajeriya. Takunkumi ne a bakinta. Ya gyaɗa kai.

Haka kowa ya ɗauka. Masu zuwa dubiya suka ce motar ce ta tsufa, ƙasanta duk huji, ruwa kuma ya toshe bakin salansa. Wasu suka ce laifin Auta ne da ya kwanta a mota tana aiki. Babu wanda ya kalli wajen Kunne, sai dai a yi masa sannu, a ce yaron da ka raina, Allah ya ba shi lafiya. Ya riƙa amsawa. Matarsa kuwa ba ta ce masa komai ba, ko a gida. Ta dai riƙa ajiye masa abinci, ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Mai Walda ne ya sa aka jawo Tsohuwa zuwa layin, ta kwana biyu a gaban rumfarsa kafin Kunne ya iya zuwa. Da ya zo ya ɗaga boneti, ya kwanta a kan injin, ya haska can baya da tocila. Ya san abin da zai gani, baƙin toka shimfiɗe daga noti na takwas zuwa jikin bango. Bai gan shi ba. Injin duk ƙura ne da maiƙo, amma wurin nan, faɗin tafin hannu, an goge shi fes, har da ƙamshin fetur.

Ya sauko a hankali. Mai Walda na tsaye bakin rumfarsa, tabaran walda a goshi. Ya tako har gabansa, ya tsaya daidai inda Kunne zai ga bakinsa, abin da bai taɓa yi ba a shekara ashirin, ya yi magana dalla-dalla.

“Yaya mai jiki?”

“Da sauƙi.”

“Allah ya ƙara sauƙi. Motar, in ka yarda, in nemo masu sayen ƙarfe.”

“Nemo.”

Ba su ƙara ba. Da Mai Walda ya yi masa ihu a gaban jama'a, da ƙila ya fi masa sauƙi.

Bai rufe rumfar ba, amma ya daina shiga rami. In an kawo mota sai ya ce bayansa ke ciwo, ya nuna da haɓa rumfar ɗaya daga cikin masu wankin. Sannu a hankali aka daina kawowa. Sufanunsa suna rataye a jikin allo, kowace a kan ƙusarta, damina ta fara sa musu ja.

Auta ya koma gida, amma ba duka ya koma ba. Hannunsa na dama na rawa. Bakinsa ya ɗan karkace. Yakan ɗauko magana ya kai tsakiya ta ɓace masa, ya tsaya yana kallon bango kamar a can ta maƙale. Muryarsa ta dawo ƙasa-ƙasa, sai an matsa. Wata rana ya gane kowa har ya yi tsokana, wata rana ya tambayi inda ya faka mota.

Wata la'asar Kunne ya je ya tarar matar Auta za ta fita karɓo magani. “Yaya, gara da ka zo. Yau da dama-dama, tun safe yake hira. Ga ruwansa nan a kofi, in ya nema.” Ta ja ƙofa.

Ɗaki ne ɗaya da labule a tsakiya. Auta na jingine da matashi biyu a kan katifa, an aske masa kai. Makullin Tsohuwa na rataye a ƙusa kusa da kalanda, ba wanda ya tuna ya ba masu ƙarfe. Kunne ya jawo kujerar roba ya zauna. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

“Auta.”

Ya juyo. Idonsa a buɗe yake sosai ranar, ya san wa ke gabansa.

“Ranar nan da ka ce ka ji tsat-tsat. Ka ji daidai. Yana nan. Ni ne ba na ji. Shekara biyu ke nan ba na ji, na ɓoye. Notin baya bai kama ba, na sani tun ina ɗaurawa. Matata ta ce a gaya maka ka buɗe gilashi, na hana.”

Bai san da wace murya ya faɗa ba, ko da ƙarfi ko a hankali. Ya dai faɗa har ƙarshe.

Auta ya daɗe yana kallonsa. Sannan bakinsa ya fara motsi. Magana ce mai tsawo, mafi tsawo da aka ji daga gare shi tun da ya dawo, in da akwai mai ji. Ya ɗaga hannun mai rawa ya nuna wani wuri, ƙirjinsa ko ƙirjin yayansa, hannun bai tsaya ba balle a gane. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Kunne ya zuba wa bakin ido, amma karkataccen baki ba ya karantuwa. Ya sauka daga kujera ya durƙusa, ya kai kansa dab da fuskar ƙanensa. Iskar maganar yake ji a kumatunsa, da ɗuminta. Sai ta tsaya.

“Me ka ce?” Rabonsa da ya yi wa wani wannan tambaya har ya manta. “Don Allah sake faɗa. Da ƙarfi.”

Auta ya buɗe baki. Ya kalli yayansa, ya kalli bango. Goshinsa ya tattare, yana nema. Can ya nuna kofi.

Kunne ya ɗauko, ya tallafi ƙeyarsa ya ba shi ya sha, ya goge masa haɓa da hannun rigarsa.

Sau biyu bayan nan ya sake ɗauko maganar daga farko, a ranakun da aka ce da dama-dama. Na farko Auta ya saurara yana gyaɗa kai, ya tambaye shi ko an sauke tumatir. Na biyu barci ya ɗauke shi tun ba a kai tsakiya ba.

Har yanzu yana zuwa kullum bayan la'asar. Matar Auta takan gaya wa maƙwabta cewa ba ta taɓa ganin ɗan'uwa irin wannan ba. Yakan ajiye takalmansa a bakin ƙofa, ya jawo kujerar roba ta gefen da kunnensa ya ɗan fi dama, ya zauna yana kallon bakin ƙanensa har a kira magariba.